Tufafin Makaranta da Amanar Hukuma a Ƙasar Jama'a

Garin Kafanchan jirgin ƙasa ne ya raya shi, domin ko da yake Fantswam suna zaune a wannan wuri tun kaka da kakanni, sai a shekarar 1927, sa'ad da dogon da ya taso daga Fatakwal ya sadu da na Kaduna, aka kuma ja wani reshe ya hau duwatsu zuwa Jos, sa'an nan ne ya zama mararraba wadda kusan kowace kabila ta Nijeriya take da ɗa a cikinta. Ba a daɗe ba Sarkin Jama'a ya taso da fadarsa daga Jama'ar Sarari a 1933 ya matso kusa da tasha, fatake suka biyo shi, ma'aikatan reluwe, Ibo da Yarabawa da Tibi, suka cika bariki, mutanen Kagoro da Bajju da Kaninkon da Atyap da Ham kuwa suka riƙa gangarowa da acca da doya da citta ranar kasuwa. 'Ya'yan waɗannan al'ummu duka, in ka ɗebe kasuwa da filin ƙwallo, babu inda suke haɗuwa su zauna kafaɗa da kafaɗa sai makaranta. Abin da nake so in waiwaya a kansa ƙarami ne a ido, watau tufafin da yara suke sawa su tafi karatu. Amma na daɗe da lura da cewa duk mai son sanin inda amana ta kwana tsakanin talakawa da hukuma a wannan yanki, to ya tsaya bakin titi da sassafe ya dubi abin da ke jikin 'yan makaranta, ya kuma dubi ƙofar da kowannensu ya nufa.

Ba za a fahimci al'amarin ba sai an koma baya kaɗan, zuwa zamanin da sutura ita ce ke faɗin ko kai wane ne tun kafin ka buɗe baki. Mutanen duwatsu da na kurmi na kudancin Zazzau suna da tasu shigar: namiji da warkinsa na fata, mace da ganyen da take sakewa kowace safiya, da duwatsun wuya da mundaye da wasu alamu waɗanda da su ake bambanta budurwa da matar aure, kuma a cikin urfinsu wannan shiga cikakkiya ce, tana da ladubbanta da haninta, mai keta su yana shan horo wurin dattawa. Baƙi ne suka zo suka ga tsiraici. Wani Baturen mulki mai suna Tremearne, wanda ya yi aiki a Jama'a, ya buga littafi a kansu a 1912 ya raɗa masa suna na ƙasƙanci. Mu kuwa da muka gaji riga da rawani, wajibi ne mu faɗi gaskiya komai ɗacinta, cewa magabatanmu sun riga Bature raina waɗannan mutane, da sunayen da suka laƙaba musu, da harin bayi na ƙarni na 19, da jakadun da aka riƙa aika musu karɓar haraji. A idon mutumin Bajju ko na Atyap na wancan zamani, babbar riga ita ce tufar mai karɓar haraji, ita ce kuma tufar alƙalin da ba ya jin harshensa. Wanda ya manta da wannan ba zai taɓa gane dalilin da ya sa maganar ƙyalle guda a kan yarinya take iya tayar da jijiyar wuya a Zonkwa ko Kagoro ba.

Cikin wannan hali 'yan mishan suka iso. Turawan mulki, saboda alkawarin da suka yi wa sarakuna cewa ba za su taɓa addini ba, sun tsare su daga biranen Musulmi, suka sakar musu sauran ƙasashe. Mishan ɗin SIM ta kafa tasha a Kwoi a 1910, daga baya ta kai Kagoro, 'yan Roman Katolika su ma suka bazu ta Kafanchan da Zonkwa da Fadan Kaje. Ga yara da yawa, gajeren wandon kaki da 'yar rigar makaranta su ne tufa ta farko da suka sa wadda ta bi ta ƙarƙashin keken ɗinki. Kuma makarantun nan, ko da yake Bature ne ya zana su, jama'a ne suka gina su da hannunsu, maza suna buga tubali, mata suna jido ruwa da yashi daga rafi, ana tara kuɗi kwabo-kwabo bayan sujada ranar Lahadi. Marigayi Gwamna Awan, wanda malamin makaranta ne kafin a naɗa shi Sarkin Kagoro a 1945, ya kuma riƙe sarautar har rasuwarsa a 2008, ya shahara da matsa wa mutanensa su kai yara karatu. Abin da yunifom ya buɗe musu babba ne, domin da shi yaro zai zama malami ko akawu ko nas ko hafsan soja ba tare da ya bi ta zauren hakimi ba, ba tare da ya ari rigar kowa ba, daga St. Mary's ta Fadan Kaje Patrick Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, ya fito har ya zama gwamnan jiha a 2010. Saboda haka idan tsohon ɗalibin mishan ya ce launin rigar makarantarsu da bajon da ke aljihunta gado ne, bai yi ƙari ba, gumin iyayensa yake gani a jiki. Duk wanda ya taɓa ganin matan Zumunta na coci sun fito cikin ankonsu, ko 'yan Birged suna maci da ganguna, ya san darajar da wannan jama'a take ba tufar da ke nuna ƙungiyar mutum. Sai dai kada a manta cewa mishan ɗin nan ita ma ta karɓi nata farashi, domin da ita aka ajiye warki da ganye, aka kuma ɗauki abubuwa da yawa na kakanni aka jefa cikin kwandon haram ba tare da tantancewa ba.

Musulmi kuwa nasu tsoron daban ne, kuma shi ma yana da hujja. Makarantar mishan tana fara yini da addu'arta, tana koyar da littafinta, an kuma ga yaran da suka shiga da suna ɗaya suka fito da wani. Saboda haka uba mai kishin addininsa ya bar ɗansa a makarantar allo, ko ya kai shi ta En'e in akwai, 'yarsa kuwa ya tsare ta a gida, domin rigar da aka yanka wa 'yan mata iyakarta gwiwa, kai kuma a buɗe, alhali a wurinsa suturta al'aura bayan balaga hukunci ne na shari'a wanda ba shi da ikon sassautawa. Mun biya wannan tsoro da tsada, gama tazarar da aka ba mu a boko, musamman wajen mata, har yau ba mu gama cike ta ba. Waɗanda suka daure suka kai 'ya'yansu, galibi saboda sun san hedimasta ne ido da ido, sun san gidansa da halinsa, suka danƙa masa yaro bisa amana, kuma da suka amince da mutumin ba su tsaya jayayya a kan ɗinkin ba.

Na tashi na tarar da ƙarshen wannan zamani. Ranar Lahadi da la'asar kowane gida mai ɗan makaranta yana cikin hidima: a wanke farar riga da sabulu, a tsoma ta a ruwan bula, a sa mata ɗan sitaci, sa'an nan a zuba garwashi cikin dutsen guga ana fifita shi, ana kaffa-kaffa kada tartsatsi ya faɗo ya huda aljihu, wanda gidansu babu dutsen guga ya ninke kayansa ya sa ƙarƙashin tabarma ya kwana a kai. Litinin da safe a jeru layi-layi, malam yana bi da tsumagiya yana duban farce da haƙora da wuyan riga, kuma a wannan layi ɗan direban jirgi da ɗan liman da ɗan fasto da ɗan manomin citta hukuncinsu ɗaya, ba a tambayar kowa sunan ubansa. Ba na cewa zamanin ba shi da aibu. Akwai gori, akwai zolayar da ta wuce wasa, akwai malaman da ke fifita nasu. Amma mun san sunayen iyayen juna, mun ci tuwon Sallah da shinkafar Kirsimeti a gidajen juna, kuma da yawa daga cikin mutanen da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunansu ranar da fitina ta zo, a wannan layi suka san juna.

A shekarar 1972, bayan yaƙin basasa ya ƙare, gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ƙarƙashin gwamnan soja Abba Kyari ta karɓe makarantun mishan ta mai da su nata. St. John's ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta Kakuri ta koma Kwalejin Sarauniya Amina, St. Paul's ta Wusasa ta koma Kufena, a nan kudu kuwa St. Mary's ta Fadan Kaje da makarantun SIM na Kwoi da Kagoro duk suka wayi gari da sunan gwamnati. A ganina niyyar ba mummuna ba ce, domin ƙasar da ta fito daga yaƙi tana da haƙƙin ta so 'ya'yanta su taso a inuwa ɗaya, ilmi kuwa bai kamata ya zama sai wanda ya yarda da aƙidar mai makaranta zai same shi ba. Amma a ranar da hukuma ta sauke allunan sunayen nan, ta ɗauki amana biyu masu nauyi a lokaci guda, ko ta sani ko ba ta sani ba. Ta ce wa Kirista, abin da iyayenka suka gina ba zai lalace a hannuna ba, ba kuwa za a juya shi ya zama na wani ba; ta ce wa Musulmi, kawo ɗanka da 'yarka, babu mai cewa su tuɓe addininsu a bakin ƙofa. Duk rigimar tufafi da ta biyo baya, in aka bi diddiginta, za a tarar ɗaya daga cikin alkawuran nan biyu ne wani ya ga ana shirin saɓawa.

Shekaru kaɗan abin ya yi kyau, kuɗin mai yana shigowa, ana ba da littattafai da sabulu da kuɗin mota. A 1976 aka buɗe ƙofa ga kowa da shirin UPE, yara suka yi ambaliya fiye da lissafin masu lissafi, aka yi aji a gindin mangwaro, aka ɗauki malaman da horonsu bai nuna ba. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, albashi ya riƙa makara wata da watanni, abincin makarantun kwana ya koma abin tausayi, rufin da iska ta yaye ya zauna a yaye. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. A daidai wannan lokaci kuma wani sabon zafin addini ya taso ta kowane ɓangare. An kafa Izala a Jos a 1978, juyin juya halin Iran na 1979 ya motsa zukatan samari, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta yi ƙarfi a makarantu, ƙungiyar ɗalibai Kirista ita ma haka, ga sababbin majami'u masu wa'azi da lasifika. A nan ne hijabi irin wanda muka sani yau ya shigo, domin iyayenmu mata zane da ɗankwali da mayafi suka sani, kuma babu wanda ya ce musu ba su suturtu ba. Duk da haka adalci ne a shaidi alherinsa: da hijabin nan matan aure suka sami izinin fita zuwa Islamiyya, da shi kuma dubban iyaye suka saki jiki suka bar 'yan mata suka wuce firamare. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da makarantar gwamnati tana nan da ƙarfinta da kwarjininta, da wannan sauyi ya zo ya wuce da 'yar muhawara a ofishin firinsifal.

Ranar Juma'a 6 ga Maris 1987, a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan, wadda daga baya aka mai da ita Gidan Waya, ɗalibai Kirista suka shirya taron wa'azi, mai wa'azin ya taɓo Alƙur'ani, ɗalibai Musulmi suka ce an yi ɓatanci, hannu ya kai ga jiki, abin ya fita daga kwaleji ya shiga gari. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka rasa rayuka, aka ƙone coci fiye da ɗari da masallatai, har Shugaba Babangida ya kamanta abin da yunƙurin juyin mulki. Abin da ya fi ci mini rai game da wannan rana, har yau, shi ne wurin da ta faro, watau gidan da ake tarbiyyar waɗanda za a danƙa wa yaran kowa da kowa. Daga ranar uba ya fara tambayar addinin malamin ɗansa kafin ya tambayi iliminsa. Kuma a cikin wannan shekara ce rigimar yunifom ta tashi a Kwalejin Sarauniya Amina, inda 'yan mata Musulmi suka nemi shigar da ta dace da addininsu, 'yan uwansu Kirista kuwa suka ga ana neman sauya fuskar makarantar da masu addininsu suka kafa. Kowane ɓangare, in ka saurare shi da zuciya ɗaya, alkawarin 1972 yake tunatar da hukuma.

A hankali aka kai ga maslahar da muke gani yau a yawancin makarantun gwamnati na jiharmu: yadi ɗaya, launi ɗaya, bajo ɗaya, yarinya Musulma da wando da hijabi, Kirista da siket da 'yar hula ko ɗankwali. Mun riga wasu jihohi isa nan, ko da yake da jini muka saya. A Osun, bayan hukuncin kotu na 2016, wasu ɗaliban makarantar Baptist ta Iwo sun zo aji cikin rigunan mawaƙan coci don nuna rashin yarda. A Kwara gwamnati ta rufe makarantu goma a Ilori a 2021 kan wannan magana. Sai ranar 17 ga Yuni 2022 Kotun Ƙoli ta yanke, da rinjayen alƙalai biyar a kan biyu, cewa Jihar Legas ba ta da ikon hana ɗaliba sa hijabi. Ni na gamsu da hukuncin, kuma ban ga hikima a tafarkin Faransa ba, wadda ta hana alamun addini a makarantunta tun 2004, domin mutanenmu ba za su taɓa yarda da ilmin da sharaɗinsa shi ne a bar Allah a gida ba. Amma sashe na 38 na Tsarin Mulki, wanda aka kafa hujja da shi, kowa yake karewa, har ma ya faɗa a sarari cewa ba a tilasta wa ɗalibi ibada ko darasin addinin da ba nasa ba. Wanda ya yi murna da hukuncin Legas, to lalle ne ya zama na farko da zai tsaya wa yarinya Kirista idan wani shugaban makaranta a garin da Musulmi suka fi yawa ya ce sai ta rufe kai kafin ta shiga aji. Wanda ya nemi haƙƙi ga 'yarsa ya hana 'yar maƙwabcinsa, ba adalci yake nema ba, rinjaye yake nema.

Sai dai kafin a gama daidaita maganar ɗinki, ita makarantar da ake jayayya a kanta ta riga ta fara watsewa. Rikicin Zangon Kataf a 1992, na naɗin Sarkin Jama'a a 1999, na shari'a a 2000, na bayan zaɓe a 2011 wanda ya cinye kasuwar Kafanchan ya kuma yi ɓarna mai yawa a Zonkwa, kowannensu ya tura mutane su tattara kayansu su koma unguwar da masu addininsu suka fi yawa, makaranta kuwa unguwa take bi. Duk mai ɗan hali ya cire ɗansa ya kai makarantar kuɗi, ta coci ko ta Islamiyya ko ta wani ɗan kasuwa. Ku shiga shagon tela a Kafanchan cikin watan Satumba ku gani. A da bandir biyu ko uku sun ishe shi ɗinkin gari duka. Yanzu bango cike yake da yaduka iri-iri, mai gida-gida da mai ratsi, ja da ruwan toka da ruwan hoda, ya liƙa wa kowane ƙulli takarda da sunan makaranta kada ya rikice, uwa tana tsaye tana roƙo a sakar wa rigar tsawo domin ta kai baɗi. Wasu makarantun ma sun hana a kai wa tela, sai a saya a ofishinsu, ga na Litinin, ga na wasanni, ga na Juma'a, tufa ta zama haja. A ƙasar Jaba da Kachia kuɗin citta ne ke biyan wannan duka, shi ya sa da annoba ta faɗa wa citta a daminar 2023, yara da yawa suka koma makarantar gwamnati, iyayensu suna jin abin kamar faɗuwa, alhali a zamaninmu samun gurbi a makarantar gwamnati shi ne abin da ake yi wa barka.

Kwanan baya na shiga wata firamare a wani ƙauye, ba zan kama suna ba, na tarar da yara zaune a ƙasa, wasu da yunifom wanda ya koɗe har ba a gane launinsa, wasu da rigar gida, wani ya sa rigar yayansa ta kai masa gwiwa. Na tambayi hedimasta ko har yanzu ana duban tsabta ranar Litinin. Ya ce, "Malam, in na kori wanda ba shi da yunifom, da wa zan zauna? Ubansa abin da za a ci yau yake nema." Ban ga laifinsa ba. Hukuma ta yi wasu yunƙura, ba za a ce ba ta yi ba: a 2016 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta fara ciyar da 'yan firamare ta kuma raba yunifom kyauta a sakandare, a 2017 ta yi wa malamai jarrabawa ta sallami 21,780. Ko mutum yana goyon bayan korar ko yana ganin an yi gaggawa, abin da talaka ya ji a kunnensa ɗaya ne, cewa hukuma da bakinta ta shaida shekara da shekaru tana danƙa ɗansa ga wanda bai iya ba. Daga ƙarshen 2016 aka rufe kwalejin Gidan Waya da sauran manyan makarantun Kafanchan watanni da yawa saboda rashin tsaro, abin da mutanen kudu suka ɗauka horo ne ake yi musu. Sa'an nan satar ɗalibai ta zo, Bethel Baptist a 2021, Kuriga a 2024, ba ta bar Kirista ba, ba ta bar Musulmi ba. Har a 2021 ma'aikatar ilmi da kanta ta umarci ɗaliban da za su rubuta jarrabawa su zo da kayan gida, kada a gane su a hanya. Rigar da muka kwana muna gogewa don a san mu 'yan makaranta ne, ita ce aka wayi gari ana ɓoyewa don a tsira da rai.

Akwai kuma mai haƙƙi na uku wanda ba a cika kiransa zaman sulhu ba, watau gadon kakanni. Siket daga Ingila ya zo, hijabin zamani daga ƙasashen Larabawa, shi kansa yadin da ake yanka su a da daga masaƙun Kakuri yake fitowa, waɗanda aka fara da Kaduna Textiles a 1957, inda dubban 'yan kudancin Kaduna suka ci abinci, yanzu kuwa da masaƙun suka mutu daga Sin ake kawo shi. Abin da aka rage wa al'ada shi ne yini guda a shekara, ranar al'adu, a ɗaura wa yara tukurwa da duwatsun roba su yi rawa gaban babban baƙo, a ɗauki hoto, gobe a koma. Yaron da ya yi rawar sau da yawa ba ya iya gai da kakarsa da Jju ko Tyap ko Hyam, Hausa da Turanci sun cinye bakinsa. Kuma mu da Hausa take harshen uwa a gare mu bai kamata mu yi farin ciki da wannan ba, domin rashin maƙwabci rashinmu ne. Ɗan Hausawan ma bai san saƙi da rini da aikin allurar da ke wuyan rigar kakansa ba. A ƙasar Ham ƙauyen Nok yake, wanda duniya duka ta san sunansa saboda mutum-mutumin yumɓu na fiye da shekara dubu biyu, ana kuma bikin Afan a Kagoro kowace ranar 1 ga Janairu, ana Tuk Ham a Kwoi, amma yaro yana iya gama sakandare a nan bai taɓa jin malami ya buɗe baki a kansu ba. Ban ce a mai da yara cikin warki ba. Cewa nake a ba harsunan nan da tarihin nan sa'o'insu a jadawali, da malami da littafi da jarrabawa, yaran kowane ɓangare su koyi na juna.

Ana ta kira a mayar wa mishan makarantunsu, kamar yadda Legas ta yi a 2001 da Anambra a 2011, kuma na fahimci zafin da ke bayan kiran, gama wanda aka karɓi abinsa aka bar shi ya lalace yana da bakin magana. Amma a wuri irin namu ina tsoron kada mayarwar ta zama ita ce za ta yanke igiyar ƙarshe, kowa ya koma garkensa, talaka kuwa, na coci da na masallaci, a bar shi da kango. Abin da na fi gani kusa da maslaha shi ne a rubuta tarihin kowace makaranta da sunan waɗanda suka kafa ta a bakin ƙofarta, a ba su kujera tabbatacciya a hukumar gudanarwarta tare da tsofaffin ɗalibai da iyayen yaran da ke cikinta yanzu, ko mene ne addininsu. Ƙa'idar tufafi kuwa a rubuta ta a takarda, liman da fasto da shugabar mata su sa hannu tun kafin a buɗe zango, kada a bar ta ga son ran firinsifal ɗin da aka kawo jiya.

Ina roƙon masu martaba Sarkin Jama'a da Agwam na Fantswam da na Bajju da Sarkin Kagoro da Kpop Ham da Agwatyap, waɗanda sau da yawa sun zauna tare bayan an yi ɓarna, su zauna sau ɗaya a kan makarantun gwamnati tun ba a yi ba. Ina kuma roƙon kwamishinoni da 'yan majalisa da shugabannin ƙananan hukumomin kudancin Kaduna, kowannensu ya sa ko da ɗa ɗaya a makarantar da yake sa hannu a kasafinta. Ku kuma iyaye, 'yan uwana, idan takardar taron iyaye da malamai ta zo a wannan zango, ku ajiye uzuri ku je da kanku, ku zauna kusa da wanda ba addininku ɗaya ba, ku tambayi hedimasta malamai nawa ne suke zuwa aiki kullum, da kuma yara nawa ne a aji shida suke iya karanta wasiƙa.